Ki koma waya, amma ki riƙe littafin

Malama, kin tambaya ko ƙungiyarku ta tallafa wa zawarawa a Gusau ta bar littafi ta koma rubuta sunaye a waya. Ku koma, amma kada ku yar da littafin. Kin tuna Satumbar 2021, da aka katse layukan waya a Zamfara? Shi ya sa nake son KoboCollect, manhajar tattara bayanai a waya: ana cike fom ko babu intanet, in sabis ya dawo a tura.

Damuwata ita ce waɗanda waya ke bari a baya. Tsohuwar da ba ta yi boko ba, a tura mata saƙon murya ta wayar jikanta. Kurma kuwa sai an taka har gida. Don Allah ku daina taro a bene, guragu a ƙasa suke tsayawa.