Ga mai son zuwa Jamus aikin bona: fara da mai hawa biyu

Ƙanena, saƙonka ya iso. Ka ce ka ƙware a gyaran janareta da famfon dizal a Panteka ta Kaduna, kuma an gaya maka Jamus na neman masu gyaran bonar dumama gidaje ruwa a jallo, don haka in nemo maka hanya. Ana nema kam. Amma ba mai barinka ka taɓa bonar gidansa, wato na'urar da ke ƙona mai ta hura wuta a tukunyar dumama gida, don kawai ka ce ka iya. Koyon sana'ar a hukumance shekara uku da rabi ne, da Jamusanci, kuma galibi sai ka kai matakin B1 na iya harshen kafin a yi maganar biza. A wurin koyon, yaron da ka girme wa da shekara goma shi zai riƙa aikenka ɗauko sifana. In zuciyarka ba za ta ɗauka ba, yi zamanka.

Bona mai hawa ɗaya ko dai tana ci da cikakken ƙarfi ko a kashe take. Mai hawa biyu tana tashi da ƙaramar wuta, sai in tukunya ta nemi ƙarin zafi ta hau babba. Da haka ba ta yawan kunnuwa da mutuwa, wanda a nan ne aka fi asarar mai da tara kunkunniya.

Hanya biyu ake bi wajen ƙara man. Wasu nozul, wato bakin fesa mai, biyu gare su, kowane da bawul ɗinsa mai aiki da lantarki, matsin famfo kuwa ɗaya ne: hawan farko nozul ɗaya ke fesawa, hawa na biyu a buɗe ɗayan ya taya shi. Ƙananan na gida kuma nozul ɗaya ne, famfon ne ke da matsi biyu, kamar Suntec AT2 ko Danfoss BFP 52. Nan masu ganin sun iya ke faɗuwa. Ninka matsi ba ya ninka mai. Nozul mai lamba 1.00 yana fesa galan ɗaya na Amurka, wajen lita 3.8, a awa, a matsin ba 7 (ba, wato bar, shi ne ma'aunin matsi). A ba 10 zai ba ka kusan lita 4.5, a ba 20 kusan 6.4. Matsi ya ninku, mai ya ƙaru da kashi 41 cikin ɗari kacal. Lita ɗaya kusan kilowat-awa 10 ce, ke nan wutar ta tashi daga kilowat 45 zuwa 64. Wanda bai iya wannan lissafin a tsaye ba, murɗe-murɗe kawai yake yi.

Tashinta da tsari. Akwatin sarrafawa zai fara kunna fanka ta kore duk wani tururin mai da ya kwana a ɗakin wuta. Taransifoma ta ba da tartsatsi tsakanin ƙarafa biyu a bakin nozul, bawul na farko ya buɗe. Akwai ido mai kallon harshen wuta. In bai ga haske ba cikin daƙiƙa 10 a ƙananan bona, ko 5 a manya, akwatin zai kulle komai. Jan maɓallin sake tashi kuwa, kada ka danna shi fiye da sau biyu. Kowace dannawa mai ne ke zuba ba tare da ya ƙone ba, ranar da ya kama gaba ɗaya ƙofar tukunya ce za ta same ka a fuska.

Wajen hawa, iska ke yin gaba. Ƙaramin injin lantarki zai buɗe ƙofar iska, yana cikin juyawa ya taɓa makunnin da ke sakin bawul na biyu. In mai ya riga iska, baƙin hayaƙi da gurnani. In iska ta yi nisa kafin mai ya biyo, ta hure ƙaramar wutar, bona ta kulle, kai kuma ka yi ta canza idon wuta da ba shi da laifi. Kowane hawa da saitin iskarsa daban, kuma ba da ido ake yi ba, duk kyan launin wutar. Na'urar auna hayaƙi ake sawa a bututu: iskar CO2 tsakanin kashi 12 da 13 cikin ɗari, lambar kunkunniya 0 zuwa 1. Akwai jami'in duba bututun hayaƙi da doka ta ba ikon zuwa ya sake aunawa, aikinka a takarda zai fito.

In wuta na rawa ko famfo na kuka, duba ɓangaren zuƙo mai kafin ka zargi famfon. Matacin mai ya toshe ko bututu na shan iska. In zuƙa ta wuce ba 0.4, man zai fara kumfa. Nozul kuma ba a tsokace shi da allura yadda ake yi wa risho a gida. Sabo ake sawa, mai lamba ɗaya da kusurwar feshi ɗaya, 60 ko 80 ko duk abin da ke rubuce a jikin tsohon.

Ka kuma sani bonar mai kasuwarta ja da baya take yi. A 2024 doka ta matsa wa saka sababbi, na'urar dumama mai aiki irin na iyakwandishan ce ake turawa gaba. In kana da wata shida a hannu a Kaduna, raba su tsakanin ajin Jamusanci da shagon mai gyaran iyakwandishan da firji.