Ko maganin garkuwar jiki na warkar da cutar CJD?

Tambaya: Likita, barka da aiki. Mahaifinmu a Gusau ya rikice cikin wata uku: mantuwa, tangaɗi, jiki na fizga. An ce ana zargin CJD, wata cuta mai lalata ƙwaƙwalwa. Ƙanena ya ji cewa a Ingila ana maganinta ta hanyar garkuwar jiki. Mu sayar da gona mu kai shi?

Amsa: Allah Ya ba Baba lafiya, 'yar'uwa. Kada ku sayar da gonar, domin har yanzu babu maganin da aka tabbatar yana warkar da CJD ko'ina a duniya.

Ba ƙwayar cuta ce ke kawo ta ba. Wani furotin ne na jikinmu yake lanƙwashewa ba daidai ba, ya riƙa lanƙwasa 'yan'uwansa har ƙwaƙwalwa ta lalace. Shi ake kira furiyon. Da yake ɗan gida ne, garkuwar jiki ba ta ɗaukarsa baƙo, balle ta yaƙe shi. Shi ya sa masana suka ƙera sinadaran garkuwa da za su manne wa lafiyayyen furotin, su hana shi juyewa. A 2003 dabarar ta kare ɓeraye, amma sai waɗanda aka yi wa allurar kafin alamu su bayyana.

Abin da ƙanenki ya ji, ina jin PRN100 ne, wani magani daga cikin irin waɗannan sinadaran garkuwa. Daga 2018 an ba majinyata shida a Landan. Maganin ya isa ƙwaƙwalwa, bai kuma yi musu mummunar illa ba, wannan ci gaba ne na gaske. Sai dai dukkansu cutar ta yi ajalinsu, kuma mutum shida sun yi kaɗan a yanke hukunci. Ga kuma shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa, wanda ke hana mafi yawan maganin shiga, kaɗan ne ke isa.

Abin da ya fi damuna shi ne a tsaya kan zargi. CJD ba ta cika faruwa ba, kusan mutum 1 zuwa 2 cikin miliyan a shekara. Akwai kuwa kumburin ƙwaƙwalwa da garkuwar jiki ke haddasawa da kanta, mai kama da CJD ƙwarai, kuma shi yana jin magani idan an kama shi da wuri. Ku nemi takardar turawa zuwa likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, kamar a asibitin koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, a yi hoton ƙwaƙwalwa na MRI, gwajin EEG mai auna aikin ƙwaƙwalwa, da na ruwan ƙashin baya. Cikin makon nan, don Allah, kada a jira bayan girbi.

Ku ci gaba da jinyarsa ba tare da tsoro ba. Ba a ɗaukarta ta taɓawa ko cin abinci kwano ɗaya.