Su Wa Ke Kwance a Tuddan Durɓi ta Kusheyi?

Tambaya: Wani mai karatu daga Katsina ya rubuto cewa tun yana yaro yake jin cewa tuddan nan na Durɓi ta Kusheyi kaburburan sarakunan Durɓawa ne, wato gidan sarautar Katsina na farko. Yana so ya san ko masu tonon kayan tarihi sun tabbatar da haka, kuma ta yaya ake gane shekarun kabarin da ba rubutu a kansa.

Amsa: Malam, sunan wurin ma ya ba ka rabin amsa, domin kusheyi jam'in kushewa ne. Tuddan suna ƙasar Mani, gabas da birnin Katsina, kuma an tone su sau biyu. Na farko a 1907, lokacin da Baturen mulki Herbert Richmond Palmer ya buɗe manya daga cikinsu a zamanin Sarki Muhammadu Dikko. Na biyu a 1992, inda Bajamushe Gerhard Liesegang tare da hukumar gidajen tarihi ta Nijeriya suka tone uku. Daga baya aka kai kayan birnin Mainz na Jamus aka gyara su, sannan aka dawo da su gida.

Kowane tudu an tarar da gawa a tsakiyarsa, an binne ta da kayan ado: mundaye na tagulla da na hauren giwa, duwatsun tsakiya, kuɗin wuri, har da zinariya. Akwai kuma wata tasar tagulla da ƙirarta ta nuna daga ƙasashen Larabawa ta fito. Wuri kuwa daga tekun Indiya yake zuwa. Wanda aka binne da irin wannan dukiya ba talaka ba ne, kuma fataken Sahara sun san hanyar gidansa.

Batun shekaru hanya biyu ake bi. Duk abin da ya taɓa rai, ko ƙashi ko itace ko fata ko zane, yana ɗauke da wani sinadari da ake kira kabon 14. Daga ranar mutuwa yake fara raguwa, kuma rabinsa na ƙarewa duk bayan shekara 5,730, sai a auna abin da ya saura. Hanya ta biyu ita ce kayan da aka san zamanin ƙirarsu. Ba a binne mutum da tasa kafin a ƙera ta, don haka tasar ta ja layi: kabarin bai girme ta ba. Da aka haɗa waɗannan, sai kaburburan suka faɗo tsakanin ƙarni na 14 da farkon na 16.

Nan ne abin ya fi ɗaukar hankalina. Musulmi da likkafani kaɗai ake sa shi a rami. Kafin ƙarshen wancan lokacin kuwa Musulunci ya riga ya shigo Katsina, tunda Muhammadu Korau, sarkin Katsina Musulmi na farko, a ƙarni na 15 ya yi sarauta. Amma ga wasu manya a gabashin birni ana raka su da ado da tasa, ana tara musu tudu. A ganina tsohuwar al'ada ba dare ɗaya ta kau ba, ta daɗe tana tafiya kafaɗa da kafaɗa da sabon addini. Irin wannan jana'iza ma ba baƙuwa ba ce a Afirka ta Yamma. A 1068 al-Bakri, wani marubuci Balarabe na Andalus, ya ba da labarin yadda ake binne sarkin tsohuwar daular Gana: a yi masa ɗaki na itace, a ajiye kayansa da abinci, a rufe da tabarmi, jama'a su yi ta zuba ƙasa har ta zama tudu.

To, Durɓawa ne? Ƙasa ta ce masu mulki ne, ta faɗi zamaninsu, ta nuna da wa suke ciniki. Suna kam ba ta faɗi ba. Sunayen sarakunan Durɓawa irin su Kumayau da Sanau daga bakin kakanni muka ji su, ba a jikin munduwa aka karanta ba. Labarin baka da sakamakon tono sun haɗu a kan cewa nan makwancin manya ne, amma duk wanda ya nuna maka tudu ya ce ga wane a ciki, al'ada yake faɗa maka.

Kuma kada ka ɗauka kowane tudu kabari ne. Tudun Silbury na Ingila, mai tsayin kusan mita 40, an huda shi a 1776 da 1849 da kuma ƙarshen shekarun 1960, ba a sami gawa ba. Shi ya sa yanzu ba tudun kaɗai ake dubawa ba, har da duwatsu da tsofaffin kukoki da wuraren tsafi da ke kewaye da shi. A Durɓi ma haka ne, filin da ke tsakanin tuddan shi ma wurin bincike ne, kuma garma tana bi ta kansa duk damina.