Wace mita ka saita kafin ka ce min gas ɗin ya tafi?

Kai yaro, na ga saƙonka tun shekaranjiya, da ban yi niyyar amsawa ba don irin tambayoyinku yawanci suna cikin littafi, ƙiwuyar buɗewa ce kawai. Amma wannan ta taɓo min wani tsohon miki shi ya sa na zauna. Ka ce ka duba wani galaksi, wato tarin taurari da gas, a kulastar Birgo, wancan taron galaksi masu yawa, ka nemi layin haidurojin na santimita 21, siginar rediyon da gas ɗin ke fitarwa, ba ka ga komai ba, wai ka rubuta cewa iskar kulasta ta kwashe masa gas gaba ɗaya ko? Kar ka rubuta. Ajiye biron tukuna.

Zancen yadda ake kalibireshon da goge hayaniyar wayoyi da tauraron ɗan adam daga data ba zan tsaya a kai ba, wanda bai iya wannan ba ai ba shi da abin yi a ɗakin nan, ya je ya nemi wata sana'ar.

Ita iskar da kake ta ambato gaskiya ce, ba tatsuniya ba. Tsakanin galaksi da galaksi a cikin kulasta ba fili ba ne fayau, akwai gas mai zafin da ya kai digiri miliyan goma zuwa sama, shi ya sa da na'urar eksire irin Chandra ake ganinsa. Siriri ne ƙwarai, wajen ƙwayar zarra ɗaya a lita guda, amma galaksin da ya faɗo ciki yana gudun kilomita dubu a daƙiƙa ɗaya ko fiye, toh ko iska a tsaye take in ka hau babur ka murɗa ai sai hularka ta tashi. Gunn da Gott suka rubuta lissafin tun 1972, layi ɗaya ne: kaurin iskar sau gudu sau gudu. Gudu sau biyu fa, ka riƙe wannan, in gudu ya ninka to bugun ya ninka huɗu. Ni yadda nake fahimtar da mutane shi ne shiƙa. Ka taɓa tsayawa kusa da mata suna shiƙar gero bayan sussuka? A ɗaga ƙwarya a zubo, iska ta ɗebe ƙaiƙayi ta yi gefe da shi, tsaba ta zubo nan inda take. Taurari su ne tsaba, iskar ba ta iya motsa su ko kaɗan. Gas shi ne ƙaiƙayi. Kuma daga baki-baki take fara ci inda nauyin galaksin bai riƙe gas ɗin da ƙarfi ba, tana shigowa ciki, shi ya sa za ka ga faifan taurari lafiya lau da faɗinsa amma faifan gas ya tsuke ya koma tsakiya. Je ka kalli galaksi biyun nan na Birgo, NGC 4522 da NGC 4402, da kyau, ka kwana kana kallonsu in ta kama.

Yanzu ga abin da ya same ni, ka saurara don ban cika faɗa ba.

Shekara ashirin da wani abu ke nan, ina aikin bincike a ƙasar waje da kwantiragin shekara uku, wanda in ba ka fitar da takarda mai nauyi ba kafin ya ƙare sai dai ka haɗa kayanka. Sau biyu ina rubuta neman lokaci a wata babbar na'urar rediyo ana mayar min, a na uku aka ba ni awa goma sha biyu, galaksi uku a wata kulasta, ba Birgo ba, kuma kar ka tambaye ni wacce. Ɗaya daga cikin ukun shi ne ɗan lelena, a hoto ƙurarsa duk ta karkace gefe guda kamar rawanin da iska ta bugo, na san akwai magana a wurin. Ana saura sati biyu a miƙa fayil ɗin saiti sai aka bugo min waya mahaifiyata ba lafiya, jiki ya yi tsanani, dole na taho gida. Akwai wani abokin aiki da muke ofis ɗaya, muna shan shayi tare, har tuwo na taɓa tuƙa masa da garin semo don ya ce yana son ɗanɗanawa. Ya ce min haba, tafi abinka, wannan ƙaramin abu ne bar min. Na bar masa.

Ka san a wancan zamanin taga ƙarama ce, ba irin na'urorinku na yanzu da ke haɗiye sama da ƙasa a lokaci ɗaya ba. Faɗin abin da za ka saurara bai fi megahaz uku da ɗan ɗoriya ba, kuma gudun galaksi yana gusar da mitar layin haidurojin, wato inda ake kama shi kamar tashar rediyo, a kusa da megahaz 1420 kowane megahaz ɗaya kamar kilomita 210 ne a daƙiƙa, ka ga duka tagar ba ta wuce kilomita ɗari shida da wani abu ba. Dole ka ɗora tsakiyar tagar a kan gudun shi galaksin kansa. Mutumin nan sai ya ɗauki matsakaicin gudun kulastar ya zuba wa duka ukun, lamba ɗaya, ya kwafa ya manna ya tura.

Abin da ya kashe ni shi ne guda biyun gudunsu na kusa da matsakaicin, suka fito tsaf, gas ɗinsu ga shi nan yana juyawa gwanin kyau. Sai na ce alhamdulillahi saiti daidai ne. Na ukun kuwa, ɗan lelen, wayam. Tasha bayan tasha, wato ƙananan yankunan da aka raba tagar, ba komai sai yayyafin hayaniya. Wallahi maimakon gabana ya faɗi sai murna ta kama ni, na ce shi ke nan na kama galaksin da aka yi wa tas, ga ƙura a karkace ga haidurojin babu ko ɗigo. Wata uku ina kan data ɗin nan, ina lissafa iyakar abin da zai iya ɓoyewa, ina zana hotuna, kuma duk hotunan da lambar tasha nake yinsu ban taɓa juya su zuwa kilomita ba, ban buɗe kan fayil ɗin, inda ake rubuta saitin da aka yi, na karanta layi ɗaya ba. Wannan laifina ne, na yarda, ba sai an tuna min ba.

Na kai shi taro. Ɗaki cike, na sa kwat ɗin da na saya musamman, na yi bayani minti goma sha biyar har ana gyaɗa kai. Da aka zo tambayoyi sai wata tsohuwar farfesa can baya, 'yar ƙarama mai furfura tana riƙe da kofin takarda, ko miƙewa ba ta yi ba, ta ce wace mita ka sa a tsakiya? Na faɗi gudun galaksin da na sani daga katalog. Ta ce a'a, ba abin da ya kamata ka sa na tambaye ka ba, abin da ka sa. Na ce zan duba. A ɗakin otal da daddare na buɗe kan fayil ɗin, ina gani na ji ƙafafuna sun yi sanyi. Galaksin ya fi matsakaicin kulastar gudu da kusan kilomita dubu, ko kusa da bakin tagar bai zo ba. Awa huɗu na na'urar da ake layi a kanta na kashe ina sauraron inda babu kowa, kamar mutum ya murɗa rediyo tsakanin tasha biyu ya ji shuuu ya fita yana shelar gidan rediyo ya ƙone.

Kuma ka lura da abin takaicin, galaksin da ya fi kowa gudu shi ne iska ta fi duka, ai na ce maka gudu sau gudu ne. Wato wanda ya fi cancanta a duba shi ne ya fi saurin faɗawa wajen taga. Da na yi tunanin minti ɗaya da na gane.

Na koma na sami mutumin, ya ɗaga kafaɗa ya ce ai kai ne mai aikin, sunanka ne a sama, ni taimako na yi. Ko haƙuri bai ba ni ba. Na sake neman lokaci aka hana, kwamitin sun ji labari, wannan duniyar tamu ƙarama ce kamar ƙauye. Kwantiragi ya ƙare ba a sabunta ba. Bayan shekara biyu ina zaune sai ga takarda ta fito daga wata tawaga, galaksin nan dai nawa, an saita mita daidai, gas yana nan bai ƙare ba, an tsuke shi gefe ɗaya ga jela doguwa ta miƙe a baya, ainihin abin da na rubuta a takardar neman lokaci cewa za a gani. Na duba jerin sunaye, na uku shi ne mai cin tuwona. Har yau ban ce da gangan ya yi ba, Allah ne masani, amma ya karanta takardar nemana daga farko har ƙarshe, wannan kam na sani don ni na ba shi da hannuna. Na taɓa haɗuwa da shi a wani taro ya miƙo hannu yana dariya yana kiran sunana, na gaisa da shi don ba a koya min wulaƙanci a gida ba, amma shayin da aka zuba mana ban sha ba.

Toh kai yanzu a Birgo kake, inda abin ya fi rikici. Matsakaicin gudunta dubu ɗaya da ɗan ɗoriya ne, amma NGC 4522 yana sama da 2,300, shi kuwa M90 da M86 wajenmu ma suke tahowa, lambarsu ƙasa da sifili take. Akwai kuma waɗanda gudunsu ya faɗo kusa da sifili, nan haidurojin ɗin galaksinmu ne zai rufe maka ido, ka rasa nasa da namu. Na san za ka ce na'urar yanzu tagarta faɗi ne da ita, MeerKAT mai faranti 64 a Afirka ta Kudu ba ta da wannan matsalar. Eh, amma ku ɗin da kuke yanko kubu, wato dunƙulen data na wuri da gudu, da manhajar da wani ya rubuta ku danna ku tafi kallon ƙwallo, ka san iyakar gudun da aka yanka maka? Ka duba? Na rantse ba ka duba ba. Sannan na'ura mai faranti da yawa tana iya makancewa ga gas da ya bazu sirara a fili mai faɗi, shi ya sa da muke gwadawa da awon faranti ɗaya irin Aresibo mai mita 305, Allah ya ji ƙan zamani, ta rufta a Disambar 2020.

In ka tabbatar gas ɗin ya ragu da gaske, ba a cewa "babu", ana cewa nawa ya ragu. Ka gwada shi da galaksi mai girmansa da irinsa wanda ke zaune shi kaɗai a daji, yadda Haynes da Giovanelli suka tsara a 1984, in lambar ƙarancin gas ɗin ta ba ka 0.3 rabi ya tafi, in ta kai 1 kashi tara cikin goma. Ko a nan ɗin ma ba ka isa ka ce iska ce ba. Nemo hoton tsofaffin taurari, na jan haske. In faifansu na nan sumul gas kaɗai ya karkace, to shiƙa ce. In taurarin ma an ja su sun yi jela, to wannan ba iska ba ce, nauyin wani maƙwabci ne ya fizge shi, don jan nauyi ba ya tantance tsaba da ƙaiƙayi duka yake ɗiba. NGC 4438 ya daɗe yana wahalar da mutane a kan haka, taurarinsa a yamutse, sai a 2008 Kenney da mutanensa suka ga zaren gas ya haɗa shi da M86, alamar sun taɓa yin karo. Akwai kuma kisan mummuƙe, wanda Larson da Tinsley da Caldwell suka kawo a 1980, ba a taɓa gas ɗin cikin faifai ba, rumbun gas ɗin da ke kewaye da galaksin ake kwashewa, ya ci abin da ke hannunsa a hankali har ya ƙare cikin shekaru biliyoyi, wannan ba jela ba karkata, ba abin da za ka ɗauka a hoto ka burge kowa shi ya sa yaran yanzu ba sa sonsa. Kowa so yake ya samu irin ESO 137-001 na kulastar Norma mai jela ana haihuwar taurari a cikinta ya sa a fosta.

In kuwa ka ga jela, duba ina ta nufa. Chung da abokan aikinta a 2007 sun ga guda bakwai a Birgo masu doguwar jela gefe ɗaya, duk sun ba M87, babban galaksin da ke tsakiyar kulastar, baya, wato faɗowa ciki suke yi. Taka in ta nufi wani wajen daban sai ka zo min da dalili.

Ran Litinin ka zo ofis da ƙarfe tara, ba tara da rabi ba. Ka bugo min kan fayil ɗin a takarda, a takarda na ce ba a waya ba don idona ba ya ganin ƙananan rubutun nan naku, ka ja layi a ƙarƙashin mitar tsakiya da faɗin taga, ka rubuta gudun galaksin daga katalog a gefe da hannunka. Ka taho da hoton jan hasken. Kuma in wani ne ya yanka maka kubun, ko ɗan ɗakinku ne, ka faɗa min tun kafin in tambaya.