Amsa ga mai tambayar Helios 44-2

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙanena da ya turo hoton tsohon lens ɗin nan, ya ce ya gani a wajen wani mai gyaran kyamara, yana tambaya ya saya ko kada ya saya, to ga amsarka. Ku yi haƙuri, muryar za ta ɗan yi tsawo.

Abin da ka gani Helios 44-2 ne, 58mm f/2, ƙirar Tarayyar Sobiyet. Asalinsa kwaikwayon Biotar ne na kamfanin Carl Zeiss na Jamus. An buga shi da yawa ƙwarai, saboda haka kada wani ya ce maka abu ne da ba a samu, ya tsuga maka kuɗi.

Amma ba ka faɗa mana kyamarar da ke hannunka ba, kuma nan ne gizo ke saƙa. Gindin Helios irin na murɗawa ne, M42 ake ce masa, sai da adafta, wato abin da ke haɗa gindin lens da bakin kyamara. In Canon ce irin 600D ko 700D, zoben ƙarfe kawai za ka saya, ba gilashi a ciki, shi ke nan. In Sony ce mara madubi, kai ka fi kowa morewa, kusan kowane tsohon lens zai hau. Amma in Nikon ce irin D3200, tsaya. Tazarar da Nikon ke bari tsakanin gindin lens da sensa, wato farantin da ke kama hoton a cikin kyamara, milimita 46.5 ce, shi kuwa M42 yana son 45.46. Milimita ɗaya ɗin nan, wallahi ita za ta hana ka kama abin da ke nesa. Mutum a gabanka zai fito, masallacin da ke can ƙarshen layi ba zai taɓa fitowa tar ba, sai ka sa adafta mai gilashi, ita kuma tana kashe kaifin hoton. Ni ban ba ka shawarar wannan ba.

To in kyamarar ta dace, kada ka biya sai ka riƙe shi a hannunka. Kunna tocilar wayarka, ka buɗe ƙofar hasken, wato ramin da haske ke bi a cikin lens ɗin, gaba ɗaya, ka haska ta baya kana leƙawa ta gaba. Ƙura 'yar kaɗan ba komai, wane lens ne ya sha hunturun Kano bai haɗiyi ƙura ba? Abin gudu shi ne ka ga wani farin abu kamar yanar gizo-gizo a jikin gilashin daga ciki. Fumfuna ce wannan, in ta daɗe har cin gilashin take. Ni na taɓa saya da yamma, a gurguje, ban haska ba, sai da na je gida na ga abin ya yi rassa kamar saiwar ciyawa. Kuɗina sun tafi. Sannan ka juya zoben fokas daga farko har ƙarshe, ya tafi sumul, ba cijewa. Ka duba 'yan faya-fayan ƙofar hasken ko sun jiƙe da mai. A 44-2 ɗan maiƙo bai cika damuwa ba tunda da hannu kake rufewa, amma ka rage masa farashi a kai.

Wajen aiki kuma, zobba biyu gare shi a gaba: ɗaya ka saita lambar faɗin ƙofar hasken da kake so, ɗayan ka buɗe ka kama fokas sannan ka rufe ka ɗauka. A 600D, da yake sensarta ƙarama ce, zai matse hoton kamar lens mai 93mm, wato na hoton fuska ne, ba na tara dangi a falo ba. Ka tsayar da mutum kamar taku uku daga gare ka, bishiyar darbejiya a bayansa da nisa, rana na ratsa ganye, ka buɗe ƙofar hasken har ƙarshe, wato f/2. Za ka ga bayan ya murɗe yana juyawa kamar guguwa. Don wannan kaɗai mutane ke sayensa.

Kuma don Allah kada ka ɗauke shi zuwa wajen kamu ko dina a satin farko. Amarya na takawa, kai kana can kana murɗa zobe, kafin ka kama ta ta wuce. Ka fara da yaran gida tukuna.

Da damina ka ajiye shi cikin roba mai murfi da 'yan ƙullin nan masu tsotse laima da ake samu a kwalin takalmi. Turo mana sunan kyamarar taka, da nawa mutumin ya yi maka kuɗi.