Ɗaure naɗin ƙarfe a kan tirela, da yadda za ka tsira daga zafi lokacin lodi

Ɗan'uwa, ka tambayi sarƙa nawa za ta riƙe naɗin ƙarfe mai tan 20 a kan buɗaɗɗiyar tirela, da kuma dabarar jure rana. Kafin a ƙirga sarƙa sai an gyara mazaunin naɗin, domin abin da ya fi kashe direba shi ne naɗin ya gangara gaba idan an taka birki da ƙarfi.

Ka fara jera ƙarafan mazauni, wato ƙarafan da ke riƙe katako don kada ya goce, isassu ga irin wannan nauyi, ka ɗora katako mai ƙwari guda biyu, inci 4 da 4, wanda aka fafe gefensa. Naɗin ya zauna a kan katakon biyu, cikinsa kada ya taɓa daɓen tirela. In ya taɓa, zai riƙa rausaya har sarƙa ta saki. Shimfiɗa roba a ƙarƙashi da kuma tsakanin katako da naɗin. Kada ka yarda da katakon da ƙusa kaɗai ta riƙe shi.

Lissafin sarƙa kuwa, jimillar ƙarfinsu ya kai aƙalla rabin nauyin kaya. Sarƙa mai lamba 70 (lambar da ke nuna ƙarfinta), kaurin inci 3/8, tana ɗaukar kusan tan 3, ke nan huɗu ne mafi ƙaranci. Ni a ganina biyar ko shida ya fi, don ƙaramin lissafi bai san ramin hanya ba. Kuma ƙarfin sarƙa ba ya wuce na abin ɗaure ta ko ƙugiyar da ta kama. Wanda ya fi rauni a cikinsu shi za ka ƙirga.

Idan ramin naɗin yana kallon gefen titi, wannan shi ne zama mafi haɗari. Zura sarƙoƙi ta ramin, wasu su ja baya, wasu su ja gaba, karkatarsu kada ta wuce digiri 45 daga daɓe. Na ja baya su fi yawa. Kada ka gicciya su a cikin ramin. Sa matashin ƙarfe ko roba mai kauri a duk bakin da sarƙa ta taɓa, in ba haka ba ko dai ta lanƙwasa bakin naɗin a ƙi karɓar kayan, ko bakin ya ci sarƙar. Bel ɗin zare kaɗai bai isa ba, kaifin ƙarfe yana yanka shi. Ka tsaya ka sake tamkewa kafin kilomita 80 na farko, saboda katako yana lotsawa, sannan duk awa 3.

Maganar zafi: warware sarƙoƙi ka jera mazauni tun kana inuwa kana jiran layi. Sha kofi ɗaya na ruwa duk minti 15 zuwa 20, kada ka jira ƙishirwa, kuma in gumi ya yi yawa ka haɗa da ruwan gishiri da sukari. Jiƙa tawul ka rataya a wuya, ka sa riga mai dogon hannu, fara, marar nauyi. Safar hannu dole ce, kuma wani naɗin da zafinsa yake fitowa daga masana'anta, yana iya narka tamfol. Rufe tamfol shi ne ya fi gajiyarwa, ka huta kafin ka hau. Da ka ji jiri, ciwon kai ko tashin zuciya, sauko daga tirelar nan take ka nemi inuwa. Wanda ya fara ruɗewa ko magana ba kan gado, a kwarara masa ruwan sanyi a garzaya da shi asibiti.