Tambaya da Amsa: Ta Wace Ƙofa Ƙungiyar Al'adu Take Neman Tallafin Hukumar Birni?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Mu matasa ne goma sha huɗu da muke wasan kwaikwayo tun shekara huɗu da suka wuce, kuma duk abin da muke kashewa, daga hayar lasifika har ɗinkin kayan wasa, ta karo-karo muke haɗa shi. Muna jin ana cewa ma'aikatar magajin gari tana iya tallafa wa ƙungiyoyin al'adu da kuɗi. Shin gaskiya ne, kuma idan gaskiya ne, ta wace ƙofa ake shiga? Wasu daga cikinmu sun ce kada mu wahalar da kanmu, sai mai uwa a gindin murhu. Daga shugaban wata ƙungiyar wasan kwaikwayo, unguwar Bagalam, Maraɗi.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa, Allah ya sa albarka a ƙoƙarinku. Gaskiya ne doka ta buɗe wannan ƙofa. Kundin dokokin ƙananan hukumomi, wato doka mai lamba 2010-54 ta ranar 17 ga Satumba 2010, ya ba su damar shiga harkokin al'adu da wasanni da matasa, kuma babu abin da ya hana birni ya ware wani kaso a kasafinsa domin ƙungiyoyi irin taku. Sai dai ya kamata ku san tun farko cewa damar da doka ta bayar daban take da kuɗin da ke cikin akwati. A shekarar 2016, da gwamnati ta fara miƙa wa ƙananan hukumomi wasu ayyuka tare da kuɗinsu, fannoni huɗu ta zaɓa: ilimi, lafiya, ruwa da muhalli. Al'adu ba sa cikinsu. Saboda haka mafi yawan abin da birni zai iya ba ku daga kuɗin da ya tara da kansa yake fitowa, wato tikitin kasuwa, kuɗin tasha, harajin shaguna da makamantansu, kuma a kan wannan ɗan abin ne kwashe shara da yashe magudanan ruwa da albashin ma'aikata suke jira. Duk wanda ya ga ɓarnar da ruwa ya yi a Maraɗi a damanar 2024 ya san abin da zai riga wasan kwaikwayo shiga layi.

Maraɗi tana cikin birane huɗu masu matsayi na musamman, tare da Yamai da Tawa da Damagaram, kuma an raba ta da'ira uku. Da'irar da kuke ciki za ta iya karɓar takardarku, ta kuma shaida cewa kuna nan kuna aiki, amma kasafin kuɗi na birni ne baki ɗaya, don haka can ne magana take yankewa. A da majalisar mashawarta ce take zama ta amince da kasafin. Tun watan Afrilu na 2024 da aka rushe majalisun, kantomomin da aka naɗa ne suke riƙe da ragamar, saboda haka a wannan tsarin kantoman birni za ku rubuta wa.

Kafin ku rubuta ko da layi ɗaya, ku tambayi kanku ko hukuma ta san da zamanku. Doka mai lamba 84-06 ta ranar 1 ga Maris 1984 ita ce take tsara zaman ƙungiyoyi a Nijar, kuma ta wajabta a bayyana ƙungiya, a kuma sami izini kafin ta fara aiki. Za ku haɗa dosiye mai ɗauke da dokokin ƙungiyar, da sakamakon taron kafa ta, da sunayen shugabanni, ku ajiye a wurin hukumar inda mazauninku yake. Za a ba ku takardar shaida ta wucin gadi, sannan izini na dindindin ya fito daga ma'aikatar cikin gida, a buga shi a jaridar gwamnati. A nan akwai tarkon da ƙungiyoyin al'adu suka fi kowa faɗawa: wannan doka ta haramta ƙungiyoyin da aka gina a kan ƙabila ko ɓangare. Idan kuna son raya kiɗan Gobirawa ko al'adun Katsinawan Maraɗi, ku rubuta manufarku a kan fasahar kanta, ku kuma bayyana cewa ƙofa a buɗe take ga kowane ɗan ƙasa. Bayan izini sai ku buɗe asusu da sunan ƙungiya, wanda ba a fitar da ko dala ɗaya daga cikinsa sai da sa hannun mutum biyu. A hukumar birni, mai ba da umarnin biya daban ne da ma'ajin da yake fitar da kuɗi, kuma ma'aji ba ya iya zuba dukiyar jama'a a aljihun mutum ɗaya don kawai an ce shi ne shugaban ƴan wasa.

Sai maganar lokaci, wadda a ganina ita ce ta fi kayar da masu nema. Shekarar kasafi tana farawa ranar 1 ga Janairu ta ƙare ranar 31 ga Disamba, kuma a watannin ƙarshe na shekarar da ke gaba da ita ake shirya shi. Wanda ya zo da takarda saura mako biyu ya yi wasansa, ko da an so taimaka masa, abin da ba a rubuta ba a kasafi ba ya fita cikin sauƙi. Ku kai buƙatarku da kaka, ku karɓi shaidar ajiya mai hatimi da kwanan wata, ku riƙe kwafi. Ku kuma nemi ganin tsarin raya birni, wanda kowace ƙaramar hukuma take da irinsa, domin idan kuka nuna cewa wasanku yana tafiya da wani abu da ke cikinsa, kamar tsabtar unguwa ko karatun ƴaƴa mata, kun sauƙaƙa wa mai son amincewa hujjar da zai kare kansa da ita.

Kada takardarku ta ce «muna neman taimako» ta tsaya nan. Ku faɗi wasa nawa za ku yi, a waɗanne unguwanni, a wane wata, nawa ne hayar lasifika da injin wuta, nawa ne kuɗin mota, kuma nawa ne ku kanku za ku sa. Ku kuma tuna cewa ba kowane tallafi ne kuɗi ba. Izinin amfani da fili, aron kujeru da tanti, yafe kuɗin izinin taro, motar da za ta kwashe kaya zuwa unguwar Zariya ko Sabon Gari, duk waɗannan sun fi sauƙin samu, kuma idan aka lissafa su jika da yawa ne suka zauna a aljihunku.

Na taɓa zama da ma'ajin wata ƙungiyar teyatur, tela ne, a ƙofar shagonsa. Da magana ta kai ga kuɗi sai ya jawo wani littafin ƴan lakwal daga ƙarƙashin keken ɗinki, gefensa duk ya yi baƙi da man keke. Kowane shafi wasa ɗaya ne, an rubuta rana da wuri da yawan mutanen da suka zo, kuma ya ɗinke rasit ɗin kowane sayayya a jikin shafin da zare, har na ƙusa da na ruwan sanyi. Inda mai amalanke bai da rasit, sai ya sa shi ya dangwala yatsa. Irin wannan littafi shi ne abin da nake so ku fara tun yau, tun ba ku karɓi ko sisin kowa ba, domin ranar da aka tambaye ku shaidar shekara huɗun nan, hotunan waya kaɗai ba za su tsaya muku ba.

Dalilin da ya sa na nace a kan wannan shi ne, mun taso cikin al'adar da mai fasaha yake da ubangida. Sarki yana ba makaɗinsa doki da riga, alhazan Maraɗi sun saba ba mawaƙi kyautar da ake daɗe ana labarinta, kuma babu mai cewa a kawo lissafi, domin mai abu ne ya bayar da abinsa. A zamanin Samariya, wato ƙungiyoyin matasa da gwamnati ta tsara, ƙarƙashin mulkin Seyni Kunce, gwamnati ce take ɗauke da bukin matasa na ƙasa, inda jihohi suke gwabzawa a waƙa da rawa da wasan kwaikwayo, har iyayenmu suka saba da cewa hukuma ce uwar al'ada. Haka kuma a bukin ranar jamhuriya na 18 ga Disamba 2015, wato Maraɗi Kwalliya, an ga yadda kuɗi yake zuwa lokaci guda ya wuce. Tallafin birni ba ya kama da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Kuɗin mai tallar ƙuli-ƙuli ne da ta yanki tikiti a babbar kasuwa ranar Litinin ko Juma'a, kuma tana da haƙƙin a gaya mata abin da aka yi da shi. Wanda ya karɓe shi kamar kyauta ya ci amanarta, ya kuma toshe ƙofa ga ƙungiyar da za ta zo bayansa.

Game da batun uwa a gindin murhu, ba zan ce abokanka sun yi ƙarya ba, domin a ko'ina cikin duniya idan babu rubutattun sharuɗɗa, sanayya ce take cike gurbinsu. Maganinsa shi ne ƙungiyoyin al'adu na da'irori uku su haɗa baki su nemi abu uku a rubuce: a faɗi nawa aka ware wa al'adu a shekara, a faɗi sharuɗɗan samu, a kuma liƙa sunayen waɗanda suka samu a allon sanarwa. Wannan buƙata ce da babu shugaba nagari da zai ji haushinta, domin shi ma tana raba shi da zargi.

Tambaya: Malam, mu mata ne masu kiɗan ƙwarya a bukukuwa, ba mu da takarda kuma ba mu iya rubutun Faransanci ba. Mu ma muna da rabo? Daga wata uwar ƙungiya, unguwar Mokoyo.

Amsa: Hajiya, kuna da rabo, kuma fasaharku ta riga takarda zuwa garin nan. Hanya mafi kusa ita ce ku je ofishin al'adu na jiha ko gidan matasa da al'adu, ku sa a rubuta sunan ƙungiyarku cikin masu fasahar da aka sani, sannan ku shiga ƙarƙashin wata ƙungiya mai izini kafin naku ya fito. Rubutu kuwa ba zai gagara ba a garin da yake da jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo. Ɗa ko jika zai iya rubuta muku. Sharaɗi ɗaya nake roƙon ki da shi: duk takardar da za ki dangwala wa hannu, a karanta miki ita da Hausa a gaban mata biyu daga cikinku, kuma adadin kuɗin da ke ciki ki ji shi da kunnenki. Idan waƙoƙin naku ne kuka ƙirƙira, ku yi musu rajista a hukumar kare haƙƙin mawallafa ta ƙasa, wato BNDA, wadda aka kafa a 1995.

Tambaya: Idan muka karɓi kuɗin hukuma, ba shi ke nan an ɗaure mana baki ba? Wasanninmu sukan taɓo matsalar shara da ta kwata. Daga wani ɗan wasa, unguwar Ali Ɗan Tsoho.

Amsa: Damuwarka tana kan hanya, ɗan'uwa, domin bakin da ya ci shi yake jin nauyi. Abin da zai kare ku shi ne yarjejeniya a rubuce wadda ta faɗi aikin da za ku yi da lissafin da za ku kawo, ba tare da ta shiga cikin abin da ƴan wasa za su furta ba. Ku kuma kiyaye kada tallafin ya zama shi kaɗai ne ƙafar da kuke tsaye a kanta: ku ci gaba da karo-karonku, ku riƙa yankar ɗan tikiti ko da na dala ashirin ne. Wasan da ya nuna kwata ta toshe, ya kuma nuna maƙwabcin da yake zuba shara a cikinta da dare, aikin birni yake yi, kuma ina ba ku shawara ku aika wa kantoma da shugaban da'ira takardar gayyata tun mako guda kafin ranar, ku ajiye musu kujera a sahun gaba.